Injunan Funtuwa Da Malumfashi Suna Jiran Ɗaliban Injiniya

Kowace shekara jami'o'i da manyan kwalejojin fasaha na ƙasar nan suna yaye dubban samari da 'yan mata masu takardar shaidar aikin injiniya. Kowace shekara kuma, da zarar kaka ta yi, sai a tarar da manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi suna cigiyar wani ɗan ƙarfe wanda bai fi tafin hannu ba, amma rashinsa ya tsai da injin casar masara ko motar noma cik. Sai an aika Kano ko Kaduna, wani lokaci ma har Legas, kuma kafin ya iso aikin da ake nemansa dominsa ya wuce. Waɗannan abubuwa biyu suna faruwa a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin hukuma ɗaya, amma kamar babu abin da ya haɗa su. Lokaci ya yi da masu tsara ilmi za su haɗa su.

Abin da ya ta da wannan magana shi ne kiraye-kirayen da ake ta yi yanzu cewa a shirya ɗaliban injiniya domin sabon salon ƙere-ƙere, watau wanda kwamfuta ke riƙe da linzaminsa tun daga zane har zuwa yankan ƙarfe, a kuma koya musu raya ƙasa ta hanyar da ba za ta cinye rabon 'yan baya ba. Kira ne mai kyau, ba wanda zai ƙi shi. Sai dai yawancin masu yinsa idonsu yana kan manyan masana'antun Jamus da Sin, inda mutum-mutumi ke haɗa motoci. In aka bi wannan hanya ido rufe, yaron da iyayensa suka sayar da masara suka biya masa kuɗin makaranta zai fito da ilmin masana'antar da babu ita a ƙasarsa, ya kuma jahilci injin da ke kwance a ƙofar gidansu. Wurin da ya fi dacewa a koya wa ɗalibin Jihar Katsina wannan fasaha shi ne kan injunan da manoman kudancin jihar ke aiki da su, tare da maƙera da masu walda waɗanda suka daɗe suna fama da su.

SHEKARA ƊARI ANA SAYEN INJI

Ƙasar Funtuwa ba baƙuwar inji ba ce. Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila, wadda aka kafa a Manchesta a 1902 don ta samo wa masaƙun can auduga, ta kafa injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi tun zamanin Turawa, har yau ma akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da haruffan sunanta, B.C.G.A. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙaura Namoda a 1929. A Daudawa aka yi gonar yaɗa irin auduga, a Samaru kuma, wadda aka buɗe a 1922, aka duƙufa ga binciken iri. Manomi ya noma ya kai fuloti, a gurza, a ɗaure dila-dila, jirgi ya kwashe zuwa bakin teku. Injin gurza daga ƙasashen waje yake zuwa, zartunan da ke cikinsa daga can ake aiko su, wanda ya san sirrinsa shi ma daga can yake zuwa. Rabon 'yan ƙasa shi ne ɗauka da saukewa da shafa mai.

A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya haɗa gundumomin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari da Ƙanƙara, ya shimfiɗa hanyoyin karkara, ya gina madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki da iri, ya kuma yaɗa sabon irin masara. Daga nan ne yankin ya zama rumbun masara, abin da kasuwar Ɗandume ke ba da shaida a kansa har gobe. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka kafa masaƙar Funtuwa. Babu mai musun amfanin waɗannan ayyuka. Amma ta fuskar injuna labarin bai sake ba. An yi ta shigo da motocin noma iri-iri daga ƙasashe dabam-dabam, kowace da irin kayan gyaranta, kuma da yawa daga cikinsu sun ƙare a harabar ma'aikatu, ciyawa ta tsiro ta cikinsu, saboda ƙarfe ɗaya ko biyu da aka rasa. Da aka karya darajar Naira a 1986, aka kuma rushe Hukumar Cinikin Auduga a wannan shekara, sai kayan gyara suka yi tsadar da ta gagari masana'antu balle manoma. Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, babbar 'yar'uwarta ta Yunaited ta bi ta a 2007. Dalilan mutuwar masaƙu suna da yawa, akwai fasa-ƙwauri akwai rashin wutar lantarki, amma dogaro da ƙasashen waje a kan kowace kusa yana cikinsu.

Abu ɗaya ne cikin kayan aikin da aka kawo ya zauna da gindinsa, watau garmar shanu. Tun ƙarshen shekarun 1920 aka fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, aka kawo musu garmar nan da ake kira Emcot. Ba a daɗe ba maƙera suka ƙare mata kallo, suka gane yadda aka haɗa ta, suka shiga ƙera bakinta da fukafukanta da tsofaffin ƙarafan mota. Yau babu ƙauyen da garma za ta kwana a karye don an rasa mai gyara. Haka amalanke, haka injunan casa da na niƙa waɗanda masu walda ke haɗawa a bakin hanya. Darasin a fili yake: injin da ake iya ƙera kayansa a gari shi ke rayuwa, wanda ba a iyawa kuwa kayan aro ne, ba ya rufe katara.

ABIN DA KWAMFUTA TA SAKE

Dalilin da ya sa maƙeri ya iya garma amma motar noma da injin ban ruwa suka gagare shi, shi ne awo. Garma tana haƙuri da ɗan bambanci, amma ƙarfe mai haƙora ko farfelar injin ban ruwa ba sa yarda da kuskuren da ya kai kaurin gashi. A da, wanda zai yi irin waɗannan sai babbar masana'anta mai injuna masu tsada, ita kuwa ba za ta ɓata lokacinta a kan guda ɗaya ba, sai ta tabbata za ta sayar da dubbai kafin ta sassaƙa mazubi. Saboda haka tsohon inji wanda kamfaninsa ya daina yin kayansa, hukuncinsa mutuwa ne ko da sauran jikinsa lafiya lau yake.

Sabon salon ƙere-ƙere ya karya wannan ƙa'ida. Tun 1952 aka gwada injin sassaƙa ƙarfe mai bin umurnin lambobi a Kwalejin Fasaha ta Masachusets a Amurka, amma shekaru da yawa sai manyan kamfanoni ke iya sayensa. Daga baya aka ƙago injin ɗab'in siffa, wanda ke narka zaren roba yana ɗora shi hawa-hawa har ya gina abin da aka zana masa. Da wa'adin haƙƙin mallakar wannan dabara ya ƙare a 2009, sai kuɗin injin ya faɗi warwas, har ƙananan makarantu suka iya mallakarsa. Manhajar zane ita ma akwai wadda ake samu kyauta. Yanzu yin guda ɗaya ya daina zama asara.

A ɗauki misalin farfelar injin ban ruwa ta wani mai noman rani a fadamar Ɗanja ko a bakin madatsar Mairuwa. Ta cinye, kuma babu irinta a kasuwa. Ɗalibin da ya sami horo zai auna ta da ma'auni, ko ya ɗauki siffarta da na'urar awo mai aiki da haske. Sa'an nan ya zana ta a kwamfuta, ya cike inda ta cinye, ya lissafa ɗan ƙarin da za a bari saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Injin ɗab'i ya fitar masa da samfurinta na roba cikin 'yan sa'o'i. Daga nan aiki ya koma hannun masu zubin tukwane, waɗanda tun tuni suka iya danna samfur cikin yashi su narka tsohon alminiyam su zuba. In ta huce a ɗora ta kan injin fiƙe ƙarfe a daidaita raminta, a gwada ta a ruwa, a auna abin da take turawa. Muhimmin abu kuma shi ne zanen ba ya ɓacewa. Gobe in irin wannan farfela ta cinye a Ƙafur ko Gusau ko Maraɗi, ta wayar hannu za a aika da shi cikin ƙiftawar ido.

Haka faifan injin shuka. Manomin wannan yanki yana shuka masara da dawa da waken soya da auduga, kowane iri da girman ƙwayarsa da tazarar da yake so. Injin shukar da aka sayo daga waje yakan zo da faifan da aka yi domin irin wata ƙasa, sai ya riƙa fasa ƙwaya ko ya zubar da biyu a rami ɗaya. Ɗalibi zai iya auna irin da Samaru ta fitar, ya zana faifan da ya dace da shi, ya gwada a gona, ya gyara, ya sake gwadawa, duk cikin mako guda. A cikin wannan ɗan aiki akwai lissafi, akwai ilmin ƙarafa da roba, akwai ilmin motsin inji, akwai kuma sauraron manomi, wanda babu littafin da ke koyar da shi.

Amma kada a yaudari kowa. Roba ba ta maye gurbin ƙarfe a inda ake buƙatar ƙarfi ko jure zafi. Boris da bel da fulogi, waɗanda masana'antun Sin da Indiya ke yi miliyoyi, saye ya fi ƙerawa araha, kuma haka zai ci gaba. Akwai kuma kayan da ran mutum ya rataya a kansu, kamar birki da sitiyari, waɗanda bai halatta a kwaikwaya ba sai da gwaji da amincewar hukumar kula da ingancin kaya. Amfanin wannan fasaha yana wuri uku ne, kayan da suka ɓace a kasuwa, da daidaita baƙon inji da ƙasar da ya zo, da gwajin sabuwar dabara kafin a kashe mata kuɗi da yawa. Injiniyan kirki shi ne wanda ya san inda iyakar take.

AN GWADA A WASU WURARE

Haɗa jami'a da 'yan ƙira ba mafarki ba ne, an yi shi a Afirka ta Yamma tun kafin zuwan kwamfuta. A Kumasi, garin da fataken goro suka sani tun kaka da kakanni, akwai unguwar makanikai ta Suwame. A 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta garin ta kafa wata ma'aikatar gwaji a tsakiyar unguwar, ta kai injunan fiƙe ƙarfe da malamai, ta koya wa masu sana'a zubin baƙin ƙarfe. Daga nan suka shiga yin haƙoran injin niƙa da sauran kayan da a da sai an sayo daga waje. Gwamnatin Gana ta ga amfanin abin, ta kafa shiri a 1987 don yaɗa irin waɗannan ma'aikatu a sauran yankunan ƙasar.

Da zamanin kwamfuta ya zo, malaman Masachusets suka tsara wani ƙaramin ɗakin ƙere-ƙere mai injuna kaɗan da ake sarrafawa da kwamfuta. Cikin na farko-farko da aka kafa a wajen Amurka akwai na ƙauyen Pabal a Indiya a 2002, a wata makarantar 'ya'yan manoma, da na makarantar koyon sana'a ta Takoradi a Gana a 2004. A Lome ta ƙasar Togo, a 2013, wani matashi mai suna Afate Gnikou ya haɗa injin ɗab'in siffa da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da ya tsinto. A gida kuma, Kwalejin Fasaha ta Kaduna, zamanin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabanta, ta ƙulla hulɗa da masu sana'ar tsohuwar Panteka don a horar da su a kuma ba su takardar shaidar ƙwarewa. Abin da ya haɗa waɗannan misalai duka shi ne makaranta ce ta taka ta je inda ake sana'a. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

RAYA ƘASA MAI ƊOREWA

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 na raya ƙasa mai ɗorewa, waɗanda ake son cim ma kafin 2030, na tara a cikinsu ya shafi masana'antu da ƙirƙira. Ɗalibai da yawa sun haddace su saboda jarrabawa. Amma a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ma'anarsu a bayyane take ga duk mai ido.

Na farko, gyara ya fi saye. Motar noman da aka tayar da ɗan ƙarfe ɗaya ta tanada wa ƙasa kuɗin waje da za a kashe a sayo sabuwa, ta kuma tanada wa duniya ƙarfe da makamashin da za a ƙona a ƙera ta.

Na biyu, asarar bayan girbi. Masarar da aka zuba a buhu ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna mai dafi, wanda ke cutar da hanta, ya kuma sa manyan kamfanonin abincin kaji da na mutane su ƙi saye. Masana sun ce sai danshin ƙwaya ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100 kafin a adana, manomi kuwa da haƙori yake aunawa. Ƙaramar na'urar auna danshi, da injin busarwa mai aiki da totuwar masarar kanta, ayyuka ne da ɗaliban lantarki da na injuna za su iya haɗa kai su yi. Tumatirin Ɗanja da ke ruɓewa a kwando lokacin da ya yi yawa shi ma yana jiran mai yi masa ɗakin sanyi ko mabusa mai aiki da hasken rana.

Na uku, makamashi. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, masu noman rani da yawa suka koma ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Wannan ci gaba ne, amma in babu masu gyara na'urorin da ke sarrafa wutar, tarihin motocin noma ne zai maimaita kansa. Ga kuma karan auduga da ɓuntun shinkafa da totuwa ana ƙonewa a banza, alhali mata suna sayen itace da gawayi da tsada, dazuzzuka suna ƙarewa. Injin da zai matse wannan shara ya mai da ita curin makamashi ba ya buƙatar wani sihiri, awo yake buƙata da gwaji.

Na huɗu, mata. Su ne ke turara shinkafa, su matse man gyaɗa, su yi awara, yawanci da ƙarfin damtse da hayaƙi a ido. Ƙananan injunan da za su rage musu wahala ba su cika damun manyan kamfanoni ba. Ɗalibai mata masu karatun injiniya, waɗanda za su iya shiga cikin gida su ga aikin da idonsu, suna da filin da babu mai yi musu takara a kansa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ƙofar gyara a buɗe take, ba sai an yi sabuwar doka ba. A watan Disamba 1922 babu jami'a ko ɗaya a ƙasar nan, amma a watan Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu wanda ya tsai da kashi 70 cikin 100 na darussa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A 2023 kuma Majalisar Kula da Aikin Injiniya ta sami shiga Yarjejeniyar Washinton a matakin wucin gadi, yarjejeniyar da ke auna makaranta da abin da ɗalibinta ya iya yi bayan ya gama. Jami'ar da ke kusa da gonakin auduga da masara, in ta cika kashi talatin ɗinta da darussan da ta kwafo daga wata jami'ar Turai, ta yi wa kanta da jama'arta zalunci.

Abu na farko shi ne a kafa ma'aikatar horo a Funtuwa, da reshe a Malumfashi. Manyan makarantun jihar suna Katsina da Daura da Dutsinma, nesa da inda injunan gona suka fi yawa. Funtuwa kuwa mahaɗa ce, hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina da Birnin Gwari duk a nan suka gamu. Tana da Kwalejin Koyon Sana'a ta Gwamnati, tana da makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma Samaru, inda sashen injunan gona ya daɗe yana ƙera samfurin injunan casa, ba ta kai kilomita 100 daga gare ta ba. Ba a buƙatar katafaren gini. Rumfa mai tsaro, da injin fiƙe ƙarfe, da na sassaƙa, da na yankan faranti, da 'yan injunan ɗab'i, da matoyar zubi, da wutar hasken rana, sun isa a fara. Sharaɗi ɗaya shi ne ƙofarta ta kasance a buɗe ga maƙera da masu walda da makanikai, su kawo abin da ya gagare su, su biya ɗan abin da ya sawwaƙa.

Na biyu shi ne horon masana'antu. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, ya ɓullo da shirin tura ɗalibai wuraren aiki a 1973, lokacin da masana'antun Kaduna da Kano ke aiki dare da rana. Yau da yawansu sun rufe, ɗalibai da dama suna cinye watanni shidan nan a ofisoshin da ba su da alaƙa da karatunsu, suna cika littafin rahoto da abin da ba su yi ba. Kamata ya yi a amince da injunan gurza da na casar shinkafa da garejin motocin noma da rumfunan walda na wannan yanki a matsayin wuraren horo, malami ya riƙa zagayawa, a kuma ba maigidan da ya horar da ɗalibi ɗan hasafi da girmamawar da ta dace da shi.

Na uku shi ne aikin shekarar ƙarshe. Ɗakunan ajiyar makarantu cike suke da injunan da ɗalibai suka haɗa don neman maki, aka ɗauki hotonsu, aka bar wa ƙura da tsatsa. A sake wannan al'ada. Malaman gona na Hukumar Raya Aikin Gona ta Jiha su tattaro matsalolin manoma kowace shekara, ɗalibi ya zaɓi ɗaya, kuma kada a ba shi cikakken maki sai abin da ya ƙera ya yi aiki kaka guda a hannun manomi. Zanen kowane abin da ya yi nasara a ajiye shi a taska ɗaya wadda kowane maƙeri zai iya ɗauka kyauta.

Na huɗu ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye, domin su ke rubuta kasafi su kuma sa hannu a kan kwangila. An sha ganin injuna masu tsada sun shekara a cikin akwatunansu a makarantu, don an ware kuɗin saye ba a ware na kafawa da horar da mai kula ba. Injin da kwamfuta ke sarrafawa shi ma baƙo ne, yana lalacewa, yana cin kayan aiki. Duk kasafin da bai tanadi albashi mai kyau ga masu kula da ɗakunan gwaji ba, da kuɗin ƙarfe da roba da gyara na shekara biyar, to, sabuwar maƙabartar injuna ya gina. Haka kuma in jiha za ta sayi motocin noma, a rage yawan iri, a kuma sa wa mai sayarwa sharaɗin ba da littafin gyara da horar da makanikan gida. Tsohuwar gabar da ke tsakanin mai digiri da mai babbar difloma ita ma ta isa haka nan, domin a gaban inji hannun da ya iya shi ne babba.

MASU JA DA BAYA

Wasu za su ce babu wuta. Gaskiya ne, amma ƙaramar ma'aikata irin wannan hasken rana yana iya ɗaukar yawancin aikinta, kuma kafa wutar da kula da ita darasi ne ga ɗaliban lantarki. Wasu za su ce babu tsaro. Wannan ya fi nauyi. Ba a manta da daren Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kuma manoman Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun sha barin gonakinsu saboda 'yan bindiga. Ba wanda zai ce a tura 'ya'yan mutane cikin daji. A fara daga cikin gari, a faɗaɗa gwargwadon yadda hali ya yi. Amma a tuna, zaman banzan samari yana cikin itacen da ke rura wannan wuta, kuma kowace rumfar sana'a da ta ɗauki yara goma ta rage mata itace.

Wasu kuma za su ce in an horar da yaran, birni za su gudu ko ƙasashen waje. Lalle wasu za su tafi, kuma ilmin da suka samu zai yi musu amfani a can, gama wanda ya iya zana farfelar injin ban ruwa ya ƙera ta ba zai ɓata ba a kowace masana'anta ta duniya. Amma wanda ya gama karatu ya riga ya san manoma hamsin masu neman aikinsa, ya san inda ake sayen ƙarfe da wanda ya iya zubi, shi ne ya fi kusa da zama ya buɗe tasa rumfar.

Su ma ɗalibai akwai nasu laifin. Da yawa suna ganin aikin injiniya shi ne farar hula da ofis mai sanyi, suna ƙyamar baƙin mai da tartsatsin walda. Ya kamata su sani gwamnati ba ta da kujerun da za su ishe su duka. Maƙerin da bai taɓa shiga aji ba ya san halin ƙarfe a wuta fiye da yadda allo zai nuna, ɗalibi kuwa ya san lissafi da zane waɗanda maƙeri ya rasa. Wanda ya durƙusa ya koya shi zai tashi da ilmi biyu.

A watan Mayu 2024 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Funtuwa, domin a sauƙaƙa shigo da kaya da fitar da su. Tasha ba ta zaɓen kaya, abin da aka ba ta shi take ɗauka. In ba a horar da masu ƙira ba, akwatuna za su riƙa zuwa cike da injuna da kayan gyaransu, su koma cike da ɗanyen amfanin gona, kamar dai yadda jirgin 1929 ya yi. Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Ilmi Mai Zurfi da ta Aikin Gona da shugabannin makarantu su zauna wuri guda tun kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In an tashi auna nasararsu kuma, kada a tsaya ga yawan injunan da aka sayo ko takardun shaidar da aka raba. A je Funtuwa da Malumfashi da kaka a ƙirga injunan da suka mutu bara waɗanda bana suke aiki.